Maganin inji: a saya ko a bari?

Ya kai mai karatu, in kana da mota ko moto, ko kana tuƙa taksi cikin Yamai, ka san ƴan gwangwanayen nan da ake ƙarawa cikin baƙin mai. Daga garajojin unguwar Zongo har rumfunan kasuwar Katako, za ka gan su jere. Mai sayarwa zai ce maka: "Maigida, zuba wannan, hayaƙi ya ɗauke, inji ya koma sabo." To, gaskiya ne?

Mu fara da aikin baƙin mai. Aikinsa huɗu ne. Yana sa santsi don kada ƙarafa su ci juna. Yana rage zafi. Yana kwashe dauɗa ya kai ta matata. Yana hana tsatsa. Don ya iya waɗannan ayyuka, tun a masana'anta an haɗa shi da magunguna. Wajen kashi ɗaya cikin biyar na mai mai kyau, magani ne da aka auna. Ka ga ke nan miyar ta riga ta ji gishiri. In ka ƙara, sai ka ɓata ta.

Abin da ke cikin gwangwanin iri-iri ne. Akwai mai kauri kamar zuma. Shi wannan yana sa mai ya yi nauyi, sai hayaƙi da ƙara su ragu na ɗan lokaci. Amma ƙarfen da ya ci ba ya tsirowa. Kuma da safe, lokacin ɗari, mai kauri yana jinkirin hawa saman inji. A nan ne inji ya fi cinyewa.

Akwai mai garin roba da ake kira Teflon. Akwai kuma na wanke cikin inji. A tsohuwar mota, wankin nan yana iya ɓamɓaro dauɗa mai yawa lokaci guda, ta toshe hanyar mai.

Maganar ba a Zongo kaɗai ake yin ta ba. A Amurka, hukumar da ke sa ido kan kasuwanci, wato FTC, ta bincika tallar waɗannan kaya. A shekarar 1995, kamfanin STP ya biya tarar dalar Amurka 888,000 saboda tallar da ba shi da hujjarta. A 1997, an hana masu Slick 50 faɗin cewa kayansu na rage cin ƙarfe, sai in sun kawo shaidar gwaji.

Mai moto, kai ma ka yi hattara. A yawancin motoci masu ƙafa biyu, kuloci yana cikin mai ɗaya da inji. In ka zuba maganin ƙara santsi, kuloci ya dinga zamewa, moto ya rasa ƙarfi.

To, me ya kamata ka yi da kuɗinka? Ka san ƙasarmu. A watannin Afrilu da Mayu, zafin Yamai yana wuce awo 40. Lokacin hunturu kuma ga ƙura. Waɗannan biyu su ne ke gajiyar da mai. Saboda haka:

Sayi mai cikin galan rufaffe, mai lambar da littafin motarka ya faɗa, kamar 15W-40 ko 20W-50. Guji man kwalba na bakin hanya, don ba ka san asalinsa ba. Juye mai a kan lokaci, ka canja matatarsa tare. Kakkaɓe matatar iska a kai a kai. Kowace safiya zaro ƙarfen awo ka duba.

In kuwa inji ya soma shan mai yana fitar da shuɗin hayaƙi, kai shi wurin makaniki. Gyara yake so. Haka in za ka sayi tsohuwar mota, taɓa manta da yatsa. In ya yi danƙo ƙwarai, wataƙila an zuba magani ne don a ɓoye maka ciwo.

Motar nan ita ce ke ciyar da iyalinka. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi
1. Faɗi ayyuka huɗu na baƙin mai.
2. Don me maganin ƙara santsi ke cutar da moto?
3. Me shuɗin hayaƙi ke nunawa?