Ruwan Lagdo da Haƙƙin Maƙwabtaka

Kowace shekara, da zarar Agusta ya raba tsakiya, maganar da ke bakin mutanen gaɓar Binuwai, tun daga Yola da Numan har Ibi da Makurɗi da Lakwaja, ba ta wuce guda ba, wato wai Kamaru za ta sako ruwa. Wasu kan faɗe ta da fargaba, wasu da fushi, sai ka ce akwai wani azzalumi can zaune da makulli, yana jira shinkafarmu ta yi ciki kana ya buɗe. Al'amarin ya fi haka sarƙaƙiya, kuma ya wajaba ga duk mai gona ko gida a fadama ya san haƙiƙarsa.

Madatsar Lagdo tana kan Binuwai, kimanin kilomita 50 daga Garwa, an kuwa gina ta tsakanin 1977 da 1982 domin wutar lantarki da noman rani. Wanda aka ɗora wa amanar tsaronta yana tsakanin masifa biyu ne: in ya saki ruwa da wuri, damina kuma ta ɗauke ba zato, rani zai riski tafkin bai cika ba, arewacin Kamaru ya kwana cikin duhu; in kuwa ya yi kwaɗayin riƙewa har tafki ya cika maƙil, sannan mamakon Satumba ya gangaro daga tsaunuka, to ba shi da zaɓi face ya wangale ƙofofi, don kuwa bangon da ruwa ya haura kansa ba ya daɗewa tsaye. Wanda ya ga abin da ya sami Maiduguri a Satumbar 2024, sa'ad da madatsar Alau ta ɓalle cikin dare, ba ya bukatar a yi masa tafsirin wannan.

Mun ɗanɗana ambaliya a 2012, lokacin da hukumar agajin gaggawa ta NEMA ta ƙidaya rayuka 363 da suka salwanta, mutum fiye da miliyan biyu suka bar muhallinsu. Muka sake ɗanɗanawa a 2022, mamatan suka haura 600. Amma adalci ya hana mu jibga wa Lagdo laifin duka, domin a ƙasa da ita ne Mayo Kebbi da Faro suke shigowa, sannan a cikin Nijeriya ga Gongola, ga Taraba, ga Donga, ga Katsina-Ala, kowanne yana kawo nasa kason ba tare da neman izinin kowa ba. Ruwan Lagdo yakan zo ne ya tarar da kogi ya riga ya ƙoshi. Kuma, in za mu faɗa wa kanmu gaskiya, tun zamanin da aka gina ta ake zancen wata madatsa a Dasin Hausa, cikin ƙasar Fufore, wadda za ta tare abin da aka sako. Yaran da aka haifa a wancan lokaci yau sun yi furfura, ita kuwa tana nan a takarda.

Malaman fiƙihu ba su bar wannan babi ba. Hukuncin da suka tabbatar game da ruwa mai gudu shi ne, na sama ya shayar da gonarsa gwargwadon bukata, har ruwan ya kai idon sawu, sannan ya saki wa na ƙasa. Ba ya halatta ya tsare shi ƙeta, haka nan ba ya halatta ya cutar da maƙwabci da shi. A kan irin wannan manufa ƙasashe tara suka kafa Hukumar Kogin Neja a 1980, mai mazauni a Yamai, Nijeriya da Kamaru duk suna ciki. Abin da muke bin Kamaru bashi shi ne sanarwa a kan kari da saki sannu-sannu, da kuma kada a manta da mu in rani ya tsananta, ga masunta ga masu lambu suna kallon yashi.

Saura namu. Sanarwar da ta tsaya a ofis a Abuja ba ta ceci kowa ba, sai ta bi ta rediyo da fadar hakimi da mumbarin Juma'a ta isa kunnen mai unguwa. Idan ta iso, kada a dubi sama a ce ai ba hadari, gama wannan ruwa da rana tsaka yakan zo, gari garau, matar gida tana tankaɗe sai ta ga danshi na bin gindin rumbu. Shi ya sa dattawan bakin kogi kan kafa sanda a gaɓa da la'asar, su yi mata tsaga, su dawo da asuba su duba. In tsagar ta nutse kwana biyu a jere, a kwashe hatsi da takardu da dabbobi, a fara fitar da tsofaffi da ƙananan yara zuwa tudu tun hanya tana biyuwa da ƙafa. Mai cewa nan aka binne cibiyata, ba inda za ni, ya tuna tawakkali ba ya kore riƙon sababi. Kada a lafta wa kwalekwale kaya da mutane fiye da ƙima, musamman da dare. Bayan ruwa ya janye kuma, rijiyar da ya malale ta haɗu da masai, saboda haka a tafasa ruwanta kafin a sha, a kuma zungura jinka da sanda kafin a kai hannu, don macizai ma tudu suka nema.