Scrooge, marowacin Landan da fatalwowi suka sauya a dare ɗaya

Ranar 19 ga Disamba 1843 wani ɗan littafi mai suna A Christmas Carol ya fito a Landan. Kafin jajiberin Kirsimeti, kwafi 6,000 na bugun farko sun ƙare. Charles Dickens ya rubuta shi cikin makonni shida.

Labarin wani attajiri ne mai hannun jarirai, Ebenezer Scrooge. Ba ɓarawo ba ne; laifinsa shi ne bai ɗauki kowa a bakin komai ba. Akawunsa, Bob Cratchit, yana karɓar sule 15 a mako, yana rubutu yana makyarkyata saboda maigida na ƙyashin gawayi. Ɗan ƙanwarsa Fred ya gayyace shi cin abincin biki, ya kore shi. Masu tara wa talakawa gudummawa suka zo, ya nuna musu cewa ai akwai gidajen kurkuku.

Da dare sai fatalwar abokin kasuwancinsa Jacob Marley, wanda ya rasu shekara bakwai da suka wuce, ta bayyana ɗaure da sarƙoƙi, ta gargaɗe shi. Wasu uku suka biyo baya. Ta farko ta mayar da shi ƙuruciyarsa: yaron da aka bari shi kaɗai a makaranta, saurayin da budurwa ta rabu da shi don tsoron talauci ya sa kuɗi sun cika masa zuciya.

Amma inda labarin ya fi ratsa jiki shi ne gidan Cratchit. Dinya ɗaya ce a gaban mutum takwas, suna ta santi kamar sa aka yanka. Ga ƙaramin ɗansu Tim, mai dogara sanda, ba isasshiyar lafiya. Scrooge yana kallo, ba wanda ke ganinsa, har ya ji akawun da yake cuta yana yi masa fatan alheri. Fatalwa ta ƙarshe kuwa ta nuna masa mutuwarsa: ba mai kuka, har labulen gadonsa an sace an sayar.

Dickens ya san talauci da kansa. Yana ɗan shekara 12 aka kulle mahaifinsa a kurkukun Marshalsea saboda bashi, shi kuma ya shiga aiki a masana'antar man goge takalmi. Ko lokacin da yake rubuta littafin ma yana cikin matsin kuɗi, kuma ribar bugun farko ba ta kai yadda ya sa rai ba.

Gari na wayewa Scrooge ya aika wa iyalin Cratchit ƙaton talotalo ba tare da faɗin sunansa ba, sannan ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar Fred, yana jin nauyi. Mutane sun fi tuna talotalon, alhali abin da ya fi shi ya zo ne washegari a ofis: ya ƙara wa Cratchit albashi, ya ce a sayo gawayi. Tim bai mutu ba.