Haƙƙin maye gurbi a inshorar gobara

Haƙƙin maye gurbi dama ce da doka ta bai wa kamfanin inshora, bayan ya biya diyya ga wanda gobara ta yi wa ɓarna, ya tsaya a matsayinsa ya nemi kuɗin daga wanda sakacinsa ya haddasa gobarar. Idan mai haɗa wayoyin lantarki ya yi aikin ganganci har shago ya ƙone, kamfanin zai biya mai shagon, sannan ya bi mai aikin. Manufar ita ce kada mai dukiya ya karɓi diyya sau biyu, kuma kada mai sakaci ya sha don kawai akwai inshora.

Asali

Kotunan Ingila ne suka kafa ƙa'idar, ƙasashe irin su Amurka da Najeriya suka gaje ta. A shari'ar Mason da Sainsbury ta 1782, wadda ta biyo bayan tarzomar Landan ta 1780, alƙali Mansfield ya amince a nemi diyyar gidan da aka lalata da sunan mai gidan, duk da cewa kamfanin inshora ya riga ya biya shi. A shari'ar Castellain da Preston ta 1883 kuwa, wani gida a Liverpool ya ƙone bayan an ƙulla cinikinsa. Masu sayarwa suka karɓi fam 330 daga kamfanin inshora, mai saye kuma ya biya su cikakken farashi. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce su mayar wa kamfanin kuɗinsa, tunda ba su yi asarar komai ba.

Wa ke shigar da ƙara

A nan ne aka fi samun taƙaddama. A Ingila da sunan mai dukiya ake shigar da ƙarar, ko da kamfanin ne ke ɗaukar lauya yana kuma karɓar abin da aka samu, sai fa in an sallama masa haƙƙin a rubuce.

A kotunan tarayyar Amurka ba haka abin yake ba. Ƙa'ida ta 17 ta tsarin shari'ar madaniyya ta ce ainihin mai haƙƙi ne zai yi ƙara, ta 19 kuma ta fayyace waɗanda dole a shigo da su. A 1949, a shari'ar gwamnatin Amurka da kamfanin Aetna, Kotun Ƙoli ta ce idan kamfanin ya biya dukkan asarar, shi kaɗai ne mai haƙƙi, kuma da sunansa zai yi ƙara. Idan wani ɓangare ya biya, to su biyu ke da haƙƙi. Kowannensu na iya yin ƙara, wanda ake ƙara kuma na iya neman a shigo da ɗayan don kada a ja shi kotu sau biyu a kan gobara ɗaya.

Kamfanoni ba su cika son sunansu ya fito ba, saboda fargabar cewa mutanen gari masu taimaka wa alƙali yanke hukunci sun fi tausaya wa wanda gidansa ya ƙone fiye da kamfani mai kuɗi. Shi ya sa wasu ke rubuta diyyar a matsayin rance, wanda ba za a biya ba sai an ci shari'a. Dabara ce a fili, amma Kotun Ƙoli ta amince da irin wannan yarjejeniya tun 1918.

Iyakoki

Kamfani ba ya samun abin da ya wuce haƙƙin mai dukiya: in wa'adin shigar da ƙara ya wuce masa, ya wuce wa kamfanin. Ba ya kuma ƙarar wanda shi kansa ya yi wa inshora. A 1975 wata kotu a jihar Oklahoma ta ɗauki ɗan haya a matsayin wanda inshorar mai gida ta rufe, bayan ɗansa ya ta da gobara wajen gwajin sinadarai. Wasu jihohin ba su bi wannan hukunci ba.

Kuɗin da ake magana a kai kan kai maƙudai. Bayan gobarar dajin da ta cinye garin Paradise na jihar Kalifoniya a 2018, kamfanin lantarki na PG&E ya amince a 2019 zai biya dala biliyan 11 kan haƙƙin maye gurbi da ya taso daga gobarar 2017 da ta 2018.