Garin Ƙarfe Ya Tona Asirin Jijiya

A Tambuwal ko Kebbe, idan dattijo ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, wasu kan ce shafar iska ce, kafin a kwashe shi zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Su ma likitoci sun daɗe cikin nasu duhun. Sun san toshewar jijiyar jini na jawo irin wannan, kuma kitse na taruwa a bangonta yana matse ta, sai suka ɗauka wadda ta fi matsewa ita ce ta fi haɗari. A 1988 nazarin hotunan jijiyoyin zuciya a Amurka ya ƙaryata wannan zato: sau da yawa jijiyar da ta toshe, a hoton baya ba ta wani matse ba. To me ya toshe ta?

Gawawwaki ne suka fara ba da amsa. Kitsen yana da ɗan murfi. Idan ya fashe, jini ya daskare a wurin nan take. Gefen murfin kuwa cike yake da makirofej, fararen ƙwayoyin jini masu haɗiye datti, waɗanda ke fitar da sinadarin da ke zaizaye shi. A 1999 masanin cututtuka Russell Ross ya kira cutar taruwar kitsen da sunanta: kumburi.

Saura a ga makirofej ɗin a jikin mai rai. Kwaɗayinsu aka kama su da shi. Aka samo garin tsatsar ƙarfe, kowace ƙwaya kusan nanomita 30 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), aka lulluɓe shi da wani nau'in sukari, aka zuba a jijiya. Bayan kwana guda sun haɗiye shi, duk inda suka taru na'urar MRI ta nuna baƙin tabo.

Wa ya ce baƙin nan su ne? A 2003 likitocin Mastirik a Holan suka ba masu jiran tiyatar jijiyar wuya garin, sannan suka duba kitsen da aka kankaro. Ga ƙarfen nan cikin makirofej: kashi 75 cikin ɗari na wuraren da suka fashe ko suke dab da fashewa, kashi 7 kacal na lafiyayyun murfi. A 2009 a Kambirij, majinyatan da suka sha miligiram 80 na maganin rage kitsen jini, atorvastatin, tabonsu ya dushe cikin mako 12, saɓanin masu miligiram 10.

Abin takaici, garin da aka yi aikin da shi, Sinerem, bai samu lasisi a Turai ba. Yanzu masu bincike aron ferumoxytol suke yi, wani garin ƙarfen da yake maganin ƙarancin jini na masu ciwon ƙoda.