Igwar da ba ta kisa: masu tara sojojin darma a Turai

A ƙasashen Ingila da Faransa da Jamus akwai magidanta, wasu har da furfura, da ke kashe kuɗi da lokaci wajen tara ƴan ƙananan sojojin darma da igwoginsu. Sukan yi musu fenti, su jera su bisa tebur, su sake gwabza yaƙoƙin da aka yi shekaru 200 da suka wuce. Muna iya ɗauka wasan yara ne, amma abin yana da tushe.

A shekarar 1824 ne wani hafsan igwa mai suna Reisswitz ya gabatar wa rundunar Furusiya, a Jamus ta yau, wasan yaƙi bisa taswira domin horar da hafsoshi. A 1893 kuma kamfanin Britains na birnin Landan ya fito da dabarar zuba sojan darma mai rami a ciki. Darmar da ake buƙata ta ragu, farashi ya sauka. Tsawon kowane soja milimita 54 ne.

Sai a 1913 marubucin nan H. G. Wells ya wallafa littafin Little Wars, inda ya shimfiɗa dokokin wasan. Igwar da ya yi amfani da ita tana da waya mai tsalle da ke cilla ɗan guntun itace, sojan da ya faɗi ya mutu ke nan. Yau an daina harbi, don kada a ɓata fenti. Da ma'aunin tsawo ake auna nisa, ƙwayar lido kuma ta yanke hukunci.

Masu wannan sha'awa ba sa shafa launi yadda suka ga dama. In igwar zamanin Napoleon ce, bututun yakan ɗauki launin tagulla. Katakon keken igwar Faransa kore ne mai duhu, na Ingila ruwan toka, na Ostiriya rawaya. Ga dawakin da ke janta, ga sojojin da ke ɗura ta, kowa da irin kakinsa. Wanda ya kuskure launi, abokan wasa za su gane nan take.

To, a nan gardama take. Tsohuwar igwa mai fentinta na asali, ko da ya koɗe, ta fi wadda aka sabunta tsada, musamman in tana cikin kwalinta. Mai wasa yana son ta yi kyau bisa tebur, mai tarawa kuwa yana ganin sabon fenti ɓarna ne da ba ta gyaruwa.

Akwai kuma cutar darma. In an ajiye su wurin danshi, ko cikin kabad na wasu itatuwa masu fitar da tsami, sai farin gari ya fito musu, su riƙa ruɓewa. Tun 1966 Britains ya daina zuba irin waɗannan sojoji masu rami, roba ta karɓi kasuwa, saboda haka wanda ya lalace ya tafi ke nan.

Muna jan hankalin masu karatu: darma guba ce, ta fi illa ga yara ƙanana. Duk wanda irin wannan kaya ya faɗo hannunsa, ya ajiye shi nesa da bakin yaro, ya wanke hannu bayan ya taɓa, kuma kada ya yi gaggawar goge fentin.