Daga Sigari Zuwa Taba Gari: An Gudu Ne Ko An Tsira?

Kwanan baya mun ziyarci tashar Unguwa Uku a Kano, inda motoci ke lodi zuwa Zariya da Kaduna. Muna zaune a rumfar mai shayi sai wani direba, dattijo, ya ciro 'yar kwalba daga aljihu, ya ɗebi taba gari ya tura a leɓensa na ƙasa. Ya ce mana, "Malam, shekara ashirin ina shan sigari, tari ya hana ni barci. Yanzu na koma wannan, ai na tsira ke nan."

Wannan magana ta sa muka tambayi masu shan sigari da ke wurin ko za su yarda su bi sawunsa. Waɗansu suka ce za su yarda, domin taba gari ta fi araha, kuma fasinja ba ya ƙorafin hayaƙi a mota. Samari kuwa suka yi dariya, suka ce wannan ai tabar tsofaffi ce da mutanen ƙauye, tana ɓata haƙora, ga yawan tofar da yawu. Amma dukansu tambaya ɗaya suka yi mana: shin da gaske ta fi sauƙin lahani?

To, ga abin da aka sani. Yawancin cutar sigari daga ƙonawa take fitowa. Hayaƙin ne ke kai kwalta da iska mai guba cikin huhu, shi ne kuma ke cutar da mata da yara a ɗaki. Wanda ya bar hayaƙi lalle ya sauƙaƙa wa huhunsa da iyalinsa. A ƙasar Suwidin maza da yawa sun bar sigari sun koma wata taba ta leɓe da ake kira snus, kuma ciwon daji na huhu ya yi ƙaranci a cikinsu in an gwada da sauran mazan Turai. A 2019 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a sayar da wani irin snus da bayanin cewa lahaninsa bai kai na sigari ba.

Amma fa a lura. Tabar Suwidin a masana'anta ake yinta, ana dafa ta da zafi don a rage gubar da ke kawo ciwon daji, ana kuma auna ta. Tamu ta kasuwa ba haka take ba. Ganye ne ake shanyawa a daka, a haɗa da kanwa, ba wanda ya auna abin da ke ciki. Kanwar nan ita ke sa nikotin, watau sinadarin da ke kama mutum, ya shiga jini da sauri. 'Yar'uwarta ita ce tumbak ta Sudan, wadda ita ma da kanwa ake haɗa ta, masu bincike kuwa sun same ta cikin tabobin da suka fi guba a duniya. Hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tabbatar taba marar hayaƙi tana kawo ciwon daji na baki da na maƙoshi. Kada garin gudun gara a faɗa wa zago.

Abin ba ƙarami ba ne. Binciken da aka yi a Nijeriya a 2012 ya nuna manya wajen miliyan 3 na shan taba mai hayaƙi, fiye da miliyan ɗaya da rabi kuma na amfani da marar hayaƙi. Dokar taba ta 2015 ta hana sayar wa yaro ƙasa da shekara 18 kowace irin taba, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara.

Muka ce wa dattijon, "Baba, ka yi rabin tafiya, saura rabi." Shawararmu ga masu karatu ita ce wannan. Wanda ba ya shan taba kada ya fara ko wace iri. Wanda ya koma taba gari kada ya riƙa haɗa ta da sigari, domin wannan hasara biyu ce; ya sa wa kansa ranar barinta ita ma. Akwai cingam da filasta masu nikotin da ke taimaka wa mai son bari, sai a tambayi likita. Wanda kuma ya ga gyambo ko farin tabo a bakinsa da ya wuce mako biyu bai warke ba, ya hanzarta asibiti. Mutanen Tarauni da Gyadi-Gyadi ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano kusa da su.

An ce sabo turken wawa, amma turke yana tumɓukuwa. Wanda ya bar sigari, bayan shekara guda hatsarin ciwon zuciyarsa kan ragu da kusan rabi. Kuɗin taba kuma ya koma cefane da takin gona.