Birgin Zare da Birgin Roba a Tafkin Kainji

A cikin kayan su da ake aiki da su a Tafkin Kainji, birgi ne kaɗai sai ya tashi sama kafin ya kama kifi. Kalli kafa shi ake yi a tafi a dawo, gura a ajiye ta a bakin ciyawa, mamari a shimfiɗa shi ya kwana a ruwa. Shi kuwa birgi, rabon mai shi yana yankewa ne a ɗan tsakanin barinsa hannu da faɗawarsa ruwa. In ya buɗe ya yi da'ira, an rufe fili mai faɗi. In ya naɗe ya faɗa a dunƙule, an kori kifi a banza, an kuma ɓata ƙarfi.

Duk wanda ya tsaya a bakin ruwan Yelwa ko Zamare ko Wara da sassafe ya san yadda abin yake. Mutum biyu ne a kwale-kwale. Yaro yana baya da filafili, yana tuƙi a hankali don kada ya motsa ruwa. Babban yana tsaye a goshin jirgi, igiya ɗaure a wuyan hannunsa, ya tattara ragar ya raba ta, wani sashe a kan gwiwar hannu, wani a yatsu, dalma na reto a ƙasa. Sai ya murɗa ƙugu ya koma baya, ya dawo da ƙarfi ya saki. Juyin nan ne sirrin abin. Shi ke sa dalmar da ke gefen ragar ta ja waje ta kowace fuska, ragar ta baje a iska kamar faifai, ta sauka gaba ɗaya a lokaci guda. Sarkawa sun gaji wannan jifa, kuma Gungawa da Lopawa da Shangawa da sauran mazauna gaɓar ba baƙinta ba ne.

To amma hannu ɗaya, jifa ɗaya, dalma ɗaya, sai ka ga birgi biyu sun tashi daban. Bambancin yana cikin abin da aka saƙa su da shi.

A kasuwar kayan su yau iri biyu ne ke gogayya. Akwai birgin zare, mai laushi, wanda in ka warware silinsa za ka tarar da ƙananan zarurruka masu yawa an murɗe su wuri guda. Akwai birgin roba, mai sili ɗaya tilo, garai-garai, mai santsi da ɗan tauri. Dukansu biyu nailan ne, abin da kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro a 1935, wanda ya bazu a hannun masuntan duniya a shekarun 1950 da 1960 ya ture ragar auduga da ta rama da kakanni ke rinawa da bagaruwa don kada ta ruɓe. Na zaren da lamba ake sayar da shi, za ka ga 210/3 ko 210/6 ko 210/9 a jikin ƙunshi. Ita 210 ɗin nauyi ce, wato mita 9,000 na silin yana da giram 210, lambar da ke biye kuwa yawan silin da aka murɗe ne. Na robar da kaurinsa ake auna shi, kamar milimita 0.20 ko 0.30. Asali ɗaya ke nan, amma siffar da aka ba kowanne ta raba halinsu.

Ba masunta kaɗai ke fama da irin wannan lissafi ba. A Amurka akwai wasan da ake jefa faifan roba daga nesa a nufi wani kwando mai sarƙoƙi, har an kafa masa ƙungiya mai suna PDGA tun 1976. Kamfani irin Innova yakan zuba faifai a mazubi guda amma da roba daban-daban, DX da Star da Champion. 'Yan wasan sun san cewa faifan DX mai araha yana daɗin riƙo, sai dai yana saurin gogewa in yana bugun itatuwa, kuma da ya goge sai tashinsa ya sauya ya fara karkata. Na Champion mai tauri yakan daɗe yana bin hanyar da ya saba. Abin da na ɗauka daga nan shi ne, tashin ranar farko daban, tashin bayan an sha wuya daban. Da wannan ma'auni ya kamata a duba birgi.

A iska dai, ba na jin akwai gardama, birgin roba ya yi gaba. Silinsa siriri ne, iska ba ta riƙe shi sosai. Taurinsa yana sa idanun ragar su buɗe da kansu, ba sa mannewa juna. Uwa uba ba ya ɗaukar ruwa. Ka ɗago shi ka girgiza sau ɗaya, ruwan ya zube, nauyinsa ya koma kusan yadda yake a bushe. Birgin zare kuwa ruwa ke shiga tsakanin silinsa ya zauna, har da laka in wurin mai taɓo ne. A jifar farko ba za ka ji komai ba. Sai hantsi ya ɗaga, kafaɗa ta fara nauyi, sannan za ka ga da'irar tana ƙanƙancewa, gefe ɗaya na riga ɗaya sauka. Mutumin da zai wuni yana jifa, wannan ƙarin nauyi ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa, musamman dattijo, ko saurayin da bai gama ƙwari ba.

A nutsewa ma haka. Birgi ba ya sauka a buɗe har abada, yana tafiya ƙasa bakinsa na tsukewa, kifi kuma yana ganin inuwa ya zille ta ƙarƙashi. Wanda ya riga isa ƙasa shi ke da kifi. Siririn silin roba yana yanka ruwa da sauri, mai kauri kuma jiƙaƙƙe yana jan ƙafa.

Sai dai tafkin nan ba ruwa ɗaya gare shi ba, kuma a nan ne lissafin ke fara rikicewa. Kogin Kwara yana kawo cika biyu a shekara. Farin ruwa yana zuwa da damina, daga wajen Agusta, ruwan saman yankinmu ne da na Gulbin Sakkwato da sauran rafuka, ɗauke da laka, ko tafin hannunka ka tsoma ba ka ganinsa. Baƙin ruwa yana isowa ne da hunturu, daga wajen Disamba. Ruwan saman tsaunukan Gini ne, wanda ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, ya zubar da lakarsa a can, ya iso nan a tace. A baƙin ruwa idon kifi a buɗe yake. Karfasa da falia suna hango farin zare tun yana sama, amma silin roba kusan ɓacewa yake yi a ruwa. A farin ruwa kuwa wannan fifiko ya faɗi, don ba a ganin kowa, mai zare da mai roba duk ɗaya suke a idon kifi.

Daga nan sai ƙasan tafkin, wanda shi ne ya fi ba ni dalilin tsayawa in yi tunani. An kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya mamaye fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,270, aka tashi mutane wajen 44,000 daga garuruwa da ƙauyukansu, har tsohuwar Bussa da Tsibirin Foge suka shige ciki. Abin da ruwan ya haɗiye bai tafi ko'ina ba. Kututturan itatuwa suna nan tsaye a ƙasa, duwatsun tsofaffin gungu suna nan, ga burgu da ke shimfiɗe a gaɓa. Ruwan tafkin yana ja da baya da kusan mita 10 tsakanin cikarsa da ƙarancinsa, don haka wurin da ka jefa lafiya a Janairu yana iya zama dajin ƙaya a Yuni. Birgi kuwa dole ya taɓa ƙasa, dole a jawo shi a kanta.

A nan sili ɗaya yake nuna rauninsa. In dutse ko reshe ya ɗan karce shi, ya gama, jira kawai yake a ja shi ya tsinke, kuma yagewar takan bi layi ta yi tsawo. Zaren da aka murɗe in ya gogu, wasu silin ne za su tsinke, saura su riƙe. Za ka ga ya yi gashi-gashi amma yana aiki. Laushinsa kuma yana sa ya kwanta ya bi ƙasa yadda take, ya rufe ramuka, abin da ke da amfani ga mai neman karfasa, don ita da ta ji raga sai ta nutsa cikin laka ta lafe. Laushin nan yana da nasa sharrin, ban ɓoye ba. Kurungu in ya miƙe ƙayoyinsa masu zarto a cikin birgin zare, sai ka zauna kana warwara kana kiyaye yatsunka, ga ƙirare da ciyawa duk sun laƙe. A birgin roba girgizawa kaɗan ta isa, yawancin tarkacen ya zube.

Gyara shi ne inda zuciyata ta fi karkata. Je ka kowane sansanin masunta a ƙasar Shanga ko Ngaski da la'asar, za ka tarar da raga rataye a reshe, mutum zaune a gindinta, babban yatsan ƙafarsa ya taka gefe ɗaya, yana cike idanun da suka ɓalle ɗaya bayan ɗaya. Zare yana karɓar ƙulli, ya cije ya zauna. Roba santsi gare ta, ƙulli ɗaya ba ya riƙe ta sai an ninka, kuma ko an ninka yakan zame, ido ɗaya ya faɗaɗa na kusa da shi ya tsuke. Roba kuma ba ta mantuwa. In aka cusa ta a buhu a murɗe ta kwana biyu, haka za ta fito da lanƙwasa, ta ƙi miƙewa. Birgin da ya yi faci da yawa, ƙulle-ƙullensa suka zame, ba zai ƙara buɗewa daidai ba. Wani gefen zai ja wani, da'irar ta koma kamar ƙoda. Wato shi wanda ya fi kowa iya tashi yana sabo, shi ne tashinsa ya fi saurin lalacewa. Birgin zare bai taɓa yin wannan kyakkyawan tashi ba, amma yadda ka san shi bana haka za ka same shi baɗi in kana kula da shi.

Rana ba ta ƙyale kowa a cikinsu. Zafinta yana cin nailan, ya mayar da shi mai gautsi, kuma siraran silin zare ma sun fi jin jiki in ba a rina su ba. Mai shanya raga a kan rairayi da tsakar rana kansa yake cuta, ko wanne iri ya saya.

Da maigidan da ba shi da halin birgi biyu zai tambaye ni, zan ce ya ɗauki na zare, in dai a gaɓa yake jifa, cikin burgu da kututture, kuma yana da hannun gyara. Wanda ke fita tsakiyar fili da hunturu, inda ruwa ke da haske da ɗan zurfi, roba ce tasa, kuma zai ga bambanci a kwandonsa tun ranar farko. Sai dai ya sa a ransa cewa zai koma kasuwa da wuri. Ga shi masunci da yawa da bashin dillalin kifi yake sayen raga, ya biya da kamunsa a farashin da ba shi ya yanka ba. Duk komawa kasuwa ƙarin igiya ce a wuyansa.

Akwai kuma wanda ba a tambayarsa a wannan ciniki, shi ne tafkin kansa. A 1971, shekaru kaɗan bayan cikarsa, kifin da aka kama a Kainji ya haura tan 28,000. Kafin ƙarshen shekarun 1970 ya faɗo ƙasa da tan 5,000. Wani ɓangare na wannan faɗuwa halin kowane sabon tafki ne, yakan yi albarka da farko sannan ya lafa, amma yawan raga da ƙanƙantar idonta sun taka tasu rawar. Shi ya sa aikin haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus da aka fara a 1993, tare da cibiyar binciken kifi ta NIFFR da ke New Bussa, ya dage a kan girman ido, kuma dokokin su na jihohin Kebbi da Neja na 1997 suka ƙayyade mafi ƙanƙantar idon da aka yarda da shi, suka haramta dala, ragar nan da ake ja zuwa gaɓa tana kwashe warangi tare da 'ya'yan manyan kifaye. Birgi mai ƙaramin ido, na zare ne ko na roba, ɓarnarsa ɗaya ce, yana rufe falia da karfasa tun ba su kai yin ƙwai ba. Abin da roba ta ƙara shi ne ta sauƙaƙa ɓarnar, don ƙaramin ido a zare nauyi gare shi, ba ya jefuwa da daɗi, amma a roba ko yaro zai iya watsa shi.

Ƙarshen rayuwarsu ma ya bambanta. Tsohon birgin zare yakan koma igiya, ko shingen lambu, ko murfin kifin da aka shanya. Na roba in ya mutu, dalmar kawai ake yankewa a ajiye don sabo, gangar jikin a watsar a bakin ruwa. Cika ta zo ta ɗauke shi, ya maƙale a wani kututture, ya ci gaba da kama kifin da ba mai ci, ya naɗe farfelar inji, ya sarƙe ƙafar saniyar da ta zo shan ruwa. Irin wannan ne, haɗe da yawan kamun da take yi, ya sa Sanagal ta haramta ragar sili ɗaya tun a dokarta ta 1998, ƙasashen da ke kewaye da Tafkin Biktoriya ma suka hana ta, ko da yake hanin bai fitar da ita daga kasuwanninsu ba. Ban ga alamar hani irin wannan zai yi aiki a Kainji ba, inda mutum ke jefa birgi don abin da za a ci yau. Abin da ke hannunmu ya fi wannan sauƙi. Sarakunan ruwa suna da faɗa a ji a kowace mashaya daga Yelwa har Wara, sun san mai jirgi sun san ɗansa. Su ne za su iya hana saƙa ƙaramin ido, su kuma sa a tanadi wuri a kan tudu, inda cika ba ta kai, da za a riƙa tara matattun raguna maimakon a bar su a gaɓa.